Ciwon Hamma Buba da Bugun Zuciyar Gidanmu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da ke gudana a jikin bawa tun bawan bai sani ba. Sunana Hamidu. Ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada, amma gidanmu yana can gefen Falgore, inda iyayenmu suka daɗe da zama suna kiwo suna noma. Wannan labarin jinyar yayana ne, Buba, wanda muke kira Hamma, yadda ake kiran babban wa a gidajen Fulani. Na rubuta shi ne saboda na san akwai gidaje irin namu, kuma da mun ji irinsa tun da wuri, da mun rage wa kanmu wahala.

Hamma mutum ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya ko ga saniya. Amma tun yana saurayi akwai wani abu da kowa a gida ya san shi da shi, ba wanda ya taɓa kiransa ciwo. Wata shekarar sai ya shige ɗaki, wata ɗaya ko biyu, ba ya fita kiwo, ba ya son magana, abinci ma sai an matsa masa. Wata shekarar kuma sai ya tashi kamar an hura masa wuta, ga aiki ga surutu ga dariya. Mutanen gida sukan ce, "Iskarsa ce ta motsa, za ta kwanta." Kuma takan kwanta.

A farkon daminar da nake magana a kai, ba ta kwanta ba. Ya nome gonarsa, ya wuce ya nome ta maƙwabci ba tare da an sa shi ba. Ya kai bijimai kasuwa ya sayar, ya dawo da injinan ban ruwa biyu. Barci ya ƙaurace masa gaba ɗaya. Matarsa ce ta kira ni tana kuka, ta ce ya hau babur tun safe ya nufi Ƙafin Maiyaki.

A tsakiyar kasuwa na same shi, tsaye a kan buhunan masara, mutane sun kewaye shi.

Na ce, "Hamma, sannu da aiki. Zo mu je gida."

Ya ce, "Hamidu! Allah ne Ya kawo ka. Kai ne mai boko, ɗauko biro ka rubuta. Rijiyoyi za mu haƙa daga nan har Doguwa, ba saniyar da za ta sake tafiya kudu neman ruwa. Rubuta mana, me kake kallo?"

Leɓɓansa sun tsage, idanunsa suna ƙyalli. Kowace magana idan ka ɗauke ta ita kaɗai tana da ma'ana, amma babu inda ɗaya take ƙarewa kafin wata ta hau kanta.

Makon farko ya tafi ne a kan shawarar dangi. Wannan ya kawo hayaƙi, wancan ya kawo saiwa, wani kawunmu ya ce a ɗaure shi a turke har ya sauko. Limamin unguwarmu ya zo kwana uku yana yi masa karatu. A rana ta uku ya ja ni gefe ya ce, "Malam Hamidu, na karanta abin da ya sawwaƙa, kuma ba zan daina addu'a ba. Amma ku kai shi asibiti. Allah Ya saukar da cuta Ya saukar da masu saninta." Har yau ina yi wa wannan bawan Allah addu'a, domin da bai faɗa da bakinsa ba, da dattawan gida ba su bari mun tafi ba.

A mako na biyu muka shiga Kano, asibitin masu taɓin hankali. Tun hantsi muke layin kati, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar, Hamma kuwa yana bin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya yana yi musu bayanin rijiyoyi. Likitan ya saurare mu da haƙuri, ya tambayi har shekarun da Hamma yake shigewa ɗaki. Sannan ya ce sunan ciwon baifola, wato ciwo mai gefe biyu: gefe guda ya ɗaga mutum sama har ya manta da gajiya, ɗayan ya danne shi har ya rasa ɗanɗanon duniya. Ya ce yana bin jini a wasu gidaje, kuma yana jin magani. Suka kwantar da shi kwana goma, suka sallame mu da ƙwayoyi.

Ya dawo gida a natse, ko da yake jikinsa ya yi nauyi. Muka ce an gama.

A mako na biyar zazzaɓi ya kama shi. Aka je kemis aka sayo masa maganin cizon sauro da na amai, aka haɗa masa da na asibiti, ba wanda ya ga laifin hakan. Ranar Asabar da safe ina gida, yana tsugune yana kwance igiyar maraƙi, sai wani babur da ke wucewa ya yi ƙara kamar harbin bindiga. Hamma ya faɗi ta gefe, ko hannu bai kai ƙasa ba. Na ruga na tallafo kansa. Fuskarsa ta canza, idanunsa sun juye, na sa hannu a ƙirjinsa ban ji abin da na saba ji ba. Ina salati ina kiran sunansa, sai ya ja wani dogon numfashi ya buɗe ido.

Ya ce, "Me ya faru? Ina maraƙin?"

Ranar Litinin abin ya sake faruwa. Nan fa bakin mutane ya buɗe. Aka ce ga shi nan, maganin asibiti ya fusata mutanen ɓoye. Ba zan ɓoye ba, ni ma zuciyata ta fara karkata. Amma na ɗauke shi zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Wani matashin likita ya ce in nuna masa duk abin da Hamma yake sha. Na juye ledar a kan tebur. Ya jera su yana dubawa, sai na ga ya daina murmushi.

Ya ce, "Kada ya sake haɗiyar ko ɗaya daga cikin waɗannan sai an auna zuciyarsa. Yau za ku koma Kano, ba gobe ba."

Na ce, "Likita, ai ciwon a kai yake. Me ya kawo zuciya?"

Ya ce, "Ku je dai. Can za su yi maka bayani."

A babban asibiti aka kwantar da Hamma, aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu. Wata na'ura ta fitar da doguwar takarda mai zane kamar haƙoran zarto. Likitar zuciyar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗauko ɗan ma'auni tana auna zanen, ta sake aunawa. Sannan ta ce bayan kowane bugu, zuciya tana buƙatar ɗan lokaci ta shirya wa na gaba, kuma ta Hamma tana daɗewa wajen shiryawar fiye da kima. Idan mai irin wannan ya firgita, ko ya sha wasu magunguna, bugun yakan rikice, jini ya daina kaiwa kai. Wani yakan farfaɗo. Wani ba ya farfaɗowa.

Ta ce magungunan da aka haɗa masa sun ƙara jan lokacin, amma tana zargin da abinsa aka haife shi. Aka riƙe shi a asibiti mako guda babu waɗannan ƙwayoyi, aka sake awon. Ya ragu, amma bai dawo daidai ba.

A nan zan yi ƙorafi, domin gaskiya ce. Likitan ƙwaƙwalwa yana wannan gefen gari, likitar zuciya tana wancan, ba mai lambar wani. Ni ne wasiƙarsu. In karɓi takarda nan, in shiga adaidaita, in bi layi can, a ce likita ya tashi, in dawo gobe. Sau ɗaya fayil ɗinmu ya ɓata kwana biyu. Hamma kuwa da aka janye masa magani, surutun ya fara dawowa. Na kan zauna a bakin gadonsa ina tunanin an sa mu zaɓi tsakanin hankalinsa da ransa.

Wata rana likitar ta tambaye ni, "A gidanku akwai wanda ya taɓa mutuwar fuju'a yana da ƙuruciya?"

Na ce babu.

Ta ce, "Mahaifinku fa?"

Na ce, "Shi ai mutuwar salihai ya yi. Ya kishingiɗa bayan azahar, bai tashi ba."

"Shekararsa nawa?"

Sai da na buɗe baki na tuna bai kai hamsin ba, kuma ko ciwon kai bai yi ba a ranar. Ta ce in akwai tsoho ko tsohuwar da ta san tarihin gidan, in kawo mata.

Goggo Dudu ce ta rage, yayar mahaifinmu. Ba ta taɓa shiga asibitin birni ba, kuma ba ta zo hannu rabbana ba, sai da ta ƙunso wa likita man shanu a ƙaramin kwano. Suka gaisa har ƙasa, likitar tana ce mata Mama. Sannan ta ɗauko farar takarda ta fara zane, maza da akwati, mata da da'ira, tana haɗa su da layi.

Goggo ta fara da mahaifinsu, wato kakanmu. Ta ce wata shekarar yakan kora shanu ya yi ta tafiya ba ya tsayawa, sai an bi shi an dawo da shi, wata shekarar kuma ya kwanta kamar gawa. Likita ta yi alama. Ta ce akwai ƙanwarsu da ta mutu tana budurwa a rafi, ruwan ko ƙugu bai kai mata ba. Likita ta yi wata alamar daban. Sai ƙaninsu Sambo, wanda ya faɗi yana ango, ranar da aka yi wata tsawa. A kansa Goggo ba ta daɗe ba, ta wuce da sauri.

Da aka gama, likitar ta juyo mana da takardar. Alamun nan iri biyu suna gangarowa daga kakanmu, wani wuri su rabu, wani wuri su haɗu. A kan akwatin Hamma duka biyun suke.

Na ce, "Likita, wannan haɗuwa ce kawai ko abu ɗaya ne?"

Ta ajiye biro. Abin da ta faɗa shi ne ya fi tsaya mini a duk jinyar nan. Ta ce zuciya da ƙwaƙwalwa duka da wuta suke aiki, irin ta lantarki, amma ƙarama ƙwarai. Jiki da kansa yake samar da ita. A jikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƙofofi da ido ba ya gani, suna buɗewa suna rufewa, gishirin jiki yana shiga yana fita, daga nan wutar take fitowa. Wasu daga cikin ƙofofin da ke tsara bugun zuciya, irinsu ne a ƙwaƙwalwa, kuma yadda za a gina su a rubuce yake a cikin abin da mutum ya gada daga iyayensa. Ta ce masu bincike sun lura cewa wasu wuraren gadon da ake samu a masu baifola, su ne kuma ake ambata a rikicewar bugun zuciya.

Ta ɗaga yatsa ta ce, "Amma ka ji ni da kyau. Ban ce duk mai wannan yana da wancan ba. Ban kuma ce na tabbatar abu ɗaya ne a gidanku ba, gwajin da zai nuna haka ba mu da shi a nan. Abin da na sani shi ne, gida irin naku ba a ba shi magani da ka."

Shekara goma sha wani abu ina zana wa yara zuciya a allo ina ce musu famfo ce. Ban taɓa sanin cewa tun ina cikin mahaifiyata wasu ƙofofi suke buɗewa suna rufewa a ƙirjina, ina barci ina farke, ba su taɓa neman iznina ba, ban taɓa gode musu ba. Kuma irin ƙofar da ke riƙe da numfashina ita ce ke da hannu a farin cikina da baƙin cikina. Na fassara wa Goggo da Fulatanci gwargwadon iyawata. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Subhanallahi. Duk wannan a cikin mutum?"

Likitar ta ce, "Malam, kai ma hau gadon."

Na yi dariya na ce ni ɗan jinya ne, lafiyata ƙalau. Ta ce ta ji, in hau. Da takardata ta fito, ta auna ta kamar yadda ta auna ta Hamma, ta tambaye ni ko na taɓa suma. Sai na tuna sau biyu: ina sakandare a filin ƙwallo, aka ce rana ce, da kuma ranar da tayar wata babbar mota ta fashe kusa da ni, aka ce yunwa ce. Ta ce nawa bai kai na Hamma ba, amma yana nan. Na sauko daga gadon. Wata biyu ina ganin ni ne mai lafiya mai riƙe da marar lafiya.

Hamma da ya ji, ya kama hannuna ya ce, "To kai ma ka shigo layi." Rabon da in ji ya yi wasa irin nasa na da, har na manta.

Kafin mu fita likitar ta ce duk wanda ya fito daga tsatson kakanmu ya kamata a auna shi. Ta nuna akwatin Baffa Sambo ta ce, "Wannan bai bar baya ba?" Goggo ta ce a'a, tana gyara mayafi.

Daga ƙarshe likitocin biyu suka yi magana ta waya, da wayata, ina tsaye. Minti kaɗan suka yi, suka daidaita a kan maganin da zai kwantar da Hamma ba tare da ya taɓa zuciyarsa ba. Aka ƙara mana, ni da shi, wata ƙwaya mai sassauta bugu, da takarda mai jerin magungunan da ba za mu sha ba. A mako na goma sha ɗaya ya koma gida. Ya yi ƙiba, tafiyarsa ta yi sanyi, ya kuma yi kuka ranar da ya shiga garke ya ga gurbin bijiman da ya sayar. Amma hankalinsa yana jikinsa, kuma bai sake faɗuwa ba. Injinan nan ma da su ya yi noman rani bana. An auna 'ya'yansa da nawa, an sami ɗaya da ake sa wa ido.

Ga wanda zai ji shawarata: idan ɗan'uwanka yana shan maganin ƙwaƙwalwa, kada ka haɗa masa da komai daga kemis sai likita ya gani. Idan ya yanke jiki ya faɗi, ka nemi a auna zuciyarsa. Kuma ka zauna da tsofaffin gidanku ka tambaye su yadda mutanenku suka mutu, tun suna nan.

Ranar da na raka Goggo gida, mun sauka a Kwanar Dangora muna jiran motar da za ta shiga da mu, sai ta ce, "Hamidu, na yi wa likitar nan ƙarya."

Na juyo na dube ta.

Ta ce ranar da Baffa Sambo ya mutu, amaryarsa Hansai ce ta miƙa masa fura. Ya kurɓa ke nan aka yi tsawar, ya faɗi da ƙwaryar a hannunsa. Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta zaga cewa mayya ce. Goggo ta ce, "Ni na fara faɗa. Ni na fitar mata da kayanta waje. Tana da ciki wata huɗu." Ta ji daga baya cewa Hansai mace ta haifa, kuma suna wani ƙauye a ƙasar Bebeji. Fiye da shekara arba'in, ba wanda ya taka daga gidanmu.

Na ce, "Goggo, 'yar nan jininmu ce. Dole a auna ta, da 'ya'yanta."

Ta ce, "Na sani. Kai za ka kai ni."

Bayan sati biyu na ɗauke ta a babur. Sai da muka yi tambaya wuri uku kafin aka nuna mana gidan. Muka tarar da wata tsohuwa siririya a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta amsa sallamarmu, ta ɗago, sai hannunta ya tsaya. Ta gane Goggo.

Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, aka gaisa kamar baƙi. Goggo ta kasa farawa, ni na yi bayanin: ciwon Hamma, faɗuwarsa, takardar likita, tsawar, da abin da firgita take yi wa irin zuciyarmu. Na faɗa a hankali yadda zan faɗa wa 'yan aji uku. Iya Hansai ba ta katse ni ba.

Da na gama, Goggo ta sauka daga tabarmar ta durƙusa a kan ƙasa, tsohuwa da ita, ta ce, "Hansai, na zalunce ki. Ki yafe mini domin Allah."

Iya Hansai ba ta dube ta ba. Ni take kallo. Ta ce, "Yaro, sake faɗa mini. Ka ce da abin aka haife shi?"

Na ce, "Haka likita take gani, Iya. Ko wa ya miƙa masa furar, ko ba a miƙa ba."

Ta sa hannu biyu ta rufe bakinta. Hawaye suka gangaro ta tsakanin yatsunta. Ta ce, "Ashe ba ni ba ce. Ni fa na yarda. An ce maye ba ya sanin kansa. Tun ranar ban sake miƙa wa namiji abinci da hannuna ba, ko jikokina sai dai in ajiye musu a ƙasa su ɗauka."

Can ta goge fuskarta da gefen zane, ta miƙa hannu ta ɗago Goggo ta ce, "Tashi, Adda Dudu, ƙasa da sanyi." Ta aika a kira 'yarta daga gidan mijinta. Sannan ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito da ƙwaryar fura. Ta tsaya a gabana, ba ta ajiye a ƙasa ba.

Na sa hannu biyu na karɓa, na yi bismilla na sha.